Rijiyar da Baba Ya Rufe

Tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato mahaifina yake haƙa wa ƙaramar hukumar Jega rijiyoyi. A lokacin ƙasar faɗi gare ta, da Maiyama da Aliero duk a cikinta suke, kuma babu ƙauyen da bai kwana ba da igiyarsa da digarsa. Bai yi boko ba, komai a ka yake riƙewa. Ya san rijiyar da aka samu ruwa a zurfin gaba takwas, ya san wadda sai da aka fasa marmara, ya san mai ruwan zartsi da ko jaki ba ya sha.

Da aka yanke Maiyama, daga baya aka yanke Aliero, an raba ma'aikata da kujeru da motoci. Baba ya faɗa ɓangaren Jega, amma fiye da rabin rijiyoyinsa sun koma wasu ƙananan hukumomi. Bai taɓa yarda da wannan rabo ba. Har ya yi ritaya, in ya ce "ƙasarmu" tsohuwar yake nufi.

Ni ce 'yarsa mai koyarwa a firamare, don haka ni ya addaba. Duk Juma'ar da na je gida sai ya ce, "Malama, ɗauko takarda ki rubuta rijiyoyin ga tun ina iya hwaɗi." Ni kuwa sai tsokana. In ce, "Baba, yanzu zamanin fanfo ne, wa zai karanta tarihin rami?" Ya yi dariya, in ce sai an yi hutu. Hutu ya zo ya wuce ban san iyaka ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, raini ne, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke. Hankalinsa yana nan sarai, yana jin kowa, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani. Ni ke jinyarsa, har na iya gane in ruwa yake so ko juyi. 'Yan gida suka ɗauka duk abin da ke ransa ina ji.

Da bazara wasu dattawa biyu suka zo a babur daga wani ƙauye ta wajen Maiyama. Suka gaishe shi, babban cikinsu ya juyo gare ni.

"Malama, hwanhonmu ya ƙahe. Mata na tahiya tun asuba, ba su dawowa sai hantsi. Mun gina wuri biyu, dutse munka iske. Akwai tsohuwar rijiya da Baba yag gina, ruwanta ba su ƙarewa. Shi yar ruhe ta da siminti sa'adda anka kawo hwanho, don kar yara su hwaɗa."

Na ce, "To ku buɗe ta mana."

Ya girgiza kai, ya ce ai nan gizo ke saƙar. Ya bayyana mini cewa ambaliya ta taɓa tashinsu suka koma kan tudu, yashi ya binne tsohon garin, yanzu gonaki ne. Tsofaffin da suka rage kowa wurinsa daban yake nunawa. Gida huɗu sun riga sun kwashe, in ba a samu ruwa ba sauran ma tashi za su yi.

Baba ya yi ta buga tabarma da hannun hagu. Ya san rijiyar, ko makaho ya ga haka a fuskarsa.

Washegari muka ɗauki hayar mota muka kai shi. Aka zaunar da shi kan kujera a bakin gonakin, gari kaf ya fito. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya daɗe yana neman wani abu. Wani ya ce da akwai tsamiya a nan, an sare ta. Can ya ɗaga hannu. Yatsan ya tashi daga wata jar ƙasa ya zarce har gindin wani geza, faɗin da ya kai gona uku. Ya yi magana, doguwa, da dukkan ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

Sai kowa ya juyo yana kallona.

"Malama, mi yac ce?"

Gaskiya ita ce in ce ban sani ba. Amma ga mata da jarkoki a tsaye, ga Baba hawaye na bin gefen bakinsa. Na kasa. Na taka zuwa tsakiyar inda yatsan ya bi, na dangwala ƙafa na ce, "Nan."

Aka yi kabbara. Da na dawo kusa da shi ya damƙi zanena ya ja, yana wannan gurnani, ya ƙi saki har muka shiga mota. Na ce wa mutane murna yake yi.

Bayan kwana tara dattijon ya kira ni. Ina zaune kusa da Baba, wayar kuwa da ƙara, duk ya ji. Sun haƙa inda na nuna har gaba bakwai, babu rijiya, dutse ne. Dattijon bai zarge ni ba, har cewa ya yi a gaida Baba da jiki, wataƙila tsufa ne ya sa ya manta wurin.

Baba ya dube ni. Bai manta ba, mu biyu mun san haka, kuma ni kaɗai ke da bakin da zan wanke shi. Na riƙe wayar a kunne, na ce, "Wataƙila haka ne."