Daren Da Baba Ya Wasa Gatari

A Tishigu na tashi, zamanin da Turawa ke mulki daga Tamale. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, in ya tafi sai jiran baɗi. Samari na gangarawa Kumasi aikin koko. Babana bai je ba, yana noman gonar da tindana, mai kula da ƙasa a wajen Dagomba, ya ara wa kakanmu ranar da ya sauke kayan fatauci. Sharaɗin ɗaya ne: abin da ka shuka naka ne, itacen da ka tarar tsaye ba naka ba ne.

Kaka Adisa takan ba mu labari da magariba, a gindin wutar da take dafa ƙwayar kaɗanya. Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. "Wannan" take ce masa.

Wata shekara malamin gona ya kawo garmar shanu, ya ce a zuba gyaɗa, amma sai an sare kaɗanyun gona don garma ta wuce. Baba ya yarda. Kowa a gidan ya san in ya sara, tindana zai karɓe gonar. Da yamma ya zauna a bakin zaure yana wasa gatari.

"Ku matso, ga wani tafe," in ji Kaka, da muryar da ta fi ta kullum ƙarfi.

Ta ce wani baƙo ne aka ba shi gona, ya ga inuwar itatuwa tana cinye masa kunyoyin shuka, ya sare su duka. Ruwan farko ya sauka. Da safe ya zo ya tarar da jan dutse kawai, ƙasar ta bi ruwa. Ya bi sawunta da gudu har bakin kogi, yana roƙon a mayar masa da gonarsa. Kogi ya ce, "Ni ban sata ba. Masu riƙe da ita ne ka yanke ma hannu."

"Daga nan fa, Kaka?" na tambaya.

"Ban san ƙarshe ba, Fuseina. Mai gonar ne ya sani."

Ƙarar dutsen wasa ta tsaya. Da asuba Baba ya fita da fartanya, gatarin kuma ya ƙare a faskaren itacen girki. Maƙwabta sun samu gyaɗa mai yawa, mu ba mu samu ba, kuma na daɗe ina jin haushin Kaka a kan hakan.

Na yi zaton labarin na ƙasa ne da itace. Sai da na girma na gane duk tatsuniyoyinta masu ƙarfin murya ba mu take ba wa ba. Ranar da aka dawo daga binne ta, na tarar da Baba a bakin zaure, yana kallon murhun da ya mutu.

"Fuseina," ya ce, "yanzu wa zai yi mini magana?"