Feshin da Ya Tsaya a Zaure

Duk ranar da jikata ta fesa maganin sauro a ɗaki, warin nan sai ya mayar da ni ƙauyenmu na ƙasar Gwaram, lokacin da ake ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai.

Da damina ta kankama, aka yi shela cewa masu feshi za su zo daga Birnin Kudu su kawar da zazzaɓi. Inna ta fi kowa murna, don autanmu duk damina sai ya kwanta, saifa ta kumbura masa ciki. Ranar da za su zo, tun da safe muka kwashe kwanuka da tukwane zuwa tsakar gida, muka rufe randa da faifai.

Sai ga su da hantsi, ƙarti cikin kaki, kowa da tanki a baya, suna taku ɗaiɗai. Wai masu ilimi ke nan, amma a cikinsu da waɗanda suka turo su babu wanda ya tuna cewa namiji ba ya shiga gidan matan aure. Ko mace ɗaya ba su zo da ita ba.

Baffa, yayan Baba, shi ne maigida. Ya gitta sandarsa a ƙofa.

"Samari, iyakarku zaure."

"Baba, ai sauron a ɗakunan kwana yake," in ji babbansu.

"To ku aika masa da sammaci ya fito."

Suka tuntsire da dariya. Kakarmu ta leƙo ta ce a ba ta tankin, ai ta goyi waɗanda suka fi shi nauyi. Babban ya ce kayan gwamnati ba na tsofaffi ba ne. Suka jiƙe zaure da magani, inda ba mai kwana sai garma da keken Baffa, suka zana alama a bango cewa gidanmu an gama, suka shanye furar da Inna ta dama musu, suka wuce garin Sara.

Muka mayar da kaya ɗaki.

Autanmu bai kai girbin gero ba. Na sani kwana ne ya ƙare, Allah Ya jiƙansa. Amma a zauren nan aka yi zaman makoki, ina ji ta katanga masu ta'aziyya suna yaba wa Baffa, wai wuri tsaf, ko ƙuda babu.

Yanzu mata ake turowa da hijabansu su raba gidan sauro. Sai da manya suka yi ta taro a birni kafin su gano wannan babbar dabarar. Duk wadda ta yi sallama, ba na tambayar kowa izini. Hannunta nake kamawa in kai ta har bakin gadon jikokina.