Tuwon Dusa na Baba

Shekarar da ciwon ciki ya kwantar da Baba, ni ce a gida, don haka ni na raka shi asibiti. Likita ya zana mana hanji a bayan takarda, ya yi masa 'yan aljihuna a gefe. Ya ce su ne suka kumbura, kuma in ciwon ya ci gaba da tashi, sai an yanke wani sashe na hanjin. Baba tsohon soja ne, kamar yawancin dattawan unguwarmu a Zuru, amma da ya ji batun wuƙa sai ya shiga gyara zaman hularsa.

Aka ce ya yi 'yan kwanaki yana shan koko tatacce da romo, daga nan ya koma abinci mai laushi har cikin ya lafa. Mama ta riƙe maganar laushin nan gam, ta manta da sauran. Dama ita ba ta yarda tuwon mijinta ya fito da duhu. Ta surfe dawa, ta bakace, ta wanke, ta kai inji, ta tankaɗe har sau biyu, dusar kuma ta zuba wa awaki. Wata huɗu ana haka. Awaki suka yi ɓul-ɓul, Baba kuwa sai ya kwana uku bai zaga ba. Ciwon ya dawo.

Da muka koma, likita ya saurari bayanin Mama har ƙarshe, sannan ya ce, "Mama, abin da kike ba awaki shi hanjin Baba ke nema." Ya ce in ciwon ya kwanta a riƙa niƙa dawa ba surfe, a ƙara da wake da zogale da kuɓewa kaɗan-kaɗan, ya kuma sha ruwa sosai.

A wurinmu, niƙa ba surfe aikin raguwar mace ne, ko na gidan da yunwa ta shiga. Mama ta lulluɓe kwanon dawa da zane, ta hau mashin har garin Manga, don kada matan unguwa su gan ta a bakin inji. Na yi mata dariya, ban ɓoye ba.

Tuwon ya fito ja, da kaushi a hannu. Baba ya buɗe kwano ya daɗe yana kallo. Can ya ce da ni, "Kin san rabona da wannan?" Ya ce wata shekara ruwa ya ɗauke suna yara, can kan dutse, mahaifiyarsu ta yi ta tuƙa musu dusa, ƙanwarsa kuma ba ta kai kaka ba. "Don tuwon ga na tahi soja," in ji shi. Ni sai ranar na san Baba ya taɓa yin ƙanwa, kunyar dariyata ta kama ni.

Ya wanke hannu, ya yi addu'a, ya cinye tas. Sannan ya ce da Mama, "Ni kaɗai za a riƙa yi ma wannan. Kada in ga an zuba ma ɗiyana."

Na buɗe baki zan ce ai likita ya ce kowa ma zai amfana da shi, Mama ta taka mini ƙafa.

Ciwon bai sake kwantar da shi ba. Har yau tukunya biyu ake ɗorawa a gidanmu, kuma Baba, wanda a da ba ya iya cin abinci sai 'ya'yansa sun kewaye shi, yanzu juya mana baya yake yi in zai ci.