Kibiyar Iya Baturiya

Da hantsi Iya Baturiya takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidanta a Burumburum, ta ajiye kibiya da mataji da gwangwanin mai, ta miƙe ƙafa. Kitson nata, a faɗi gaskiya, ba na a zo a gani ba ne, 'yan matan yanzu sun fi ta salo. Amma a tabarmarta ba gulma, ba rediyo. Sai kan kibiya yana bin tsaga a hankali, mataji yana ƙar-ƙar, ita kuma tana raɗa can ƙasa-ƙasa, rabi salati rabi zancen da ba kai ba gindi. Sai mace ta ji wani yarr ya taso daga ƙeya ya gangara gadon baya, ido ya yi nauyi.

Bana yatsunta suka ƙi. Sanyin ƙashi ya kama su, ta ce ta ajiye sana'a, unguwa ta rasa inda za ta sa kanta.

Wadda abin ya fi tayar wa hankali ita ce Maijidda, matar wani mai sayar da taki. Tun da motarsu ta kife kusa da Kwanar Dangora barci ya ƙaurace mata. Ta fito ba ƙwarzane, amma da ta rufe ido sai ta ji ƙarar birki. Ta zauna ta tashi, ta share tsakar gida ta sake sharewa. Ta je asibiti, ta sha rubutu. Ga jariri a hannu, nono kuma ya fara ja baya. A cinyar Iya kaɗai takan ɗan runtsa, ga shi an naɗe tabarmar.

Ƙanin Maijidda, Aminu, ya kawo dabara. Ya ce a waya akwai masu raɗa da taje gashi don mutane su samu natsuwa, ASMR ake ce masa, har masu bincike sun lura bugun zuciyar wasu yana lafawa idan suna saurare. Ya ce ai sai a ɗauki muryar Iya a ajiye. Aka kai waya. Iya ta ji an ce mutane za su saurara, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya, ta gaida waya da kyau: ina gajiya, ina iyali, yaya damina. Ta ce ba ta yi wa baƙo raɗa tun ba a gaisa ba, ba haka aka rene ta ba. Aminu ya yi dariya har da hawaye. Maijidda ba ta yi ba, ta dai ci gaba da jijjiga yaro tana kai da komo.

Iya ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"Zo nan, 'yar nan. Ba zan iya kamawa ba, amma zan iya tsefewa."

Ta karɓi kibiya da yatsun nan masu ciwo. Ta tsefe, ta tsaga, ta taje, ta sake tsagawa, ba ta kitsa ko ɗaya ba. Kafin azahar Maijidda ta yi laushi a cinyarta, baki a buɗe, kai a tsefe. Maƙwabta sun shaida har inuwa ta juya Iya ba ta motsa ba. Ƙafarta ta mutu, ta cije leɓe, ta kori kaji da ido. Washegari ma haka, jibi ma haka, har yaron ya koma tsotso yana ƙoshi.

Ke ce, Iya, mai hannun sanyi. Mun ɗauka kitso muke zuwa yi, ashe hutawa muke zuwa nema, kin sani kuma ba ki taɓa tona mu ba. Ina jin kunyar shekarun da muka yi muna kushe shukunki a bayan ido. Mun gode, Allah ya ba yatsun nan lafiya.

Ku kuma masu kitson yanzu, ku rage surutu, ku sassauta hannu, ku dubi fuskar wadda ta kwanto muku. Maijidda ta fara. Jiya na leƙa, na tarar kibiyar tana hannunta, kan Iya yana cinyarta, tsohuwa tana ta barci.