Faifan Fati Kusa da na Kaka

A gidanmu na Tama, in sanyi ya shigo, ba mu shiga ɗaki da an idar da sallar magariba. Kaka takan hura wuta da karan gero a tsakar gida, ta jawo ƙwaryar ganyen albasa da aka daka, ta zauna tana dunƙula gabu. Mu jikoki muna taya ta, ko in ce muna ɓata mata, don namu dunƙulen yakan watse tun bai kai tabarmar shanya ba. Ladanmu tatsuniya. Warin albasa da hayaƙi sukan sa mu hawaye, Kaka ta ce ai ba ta kai wurin kukan ba tukuna.

Baba soja ne. A shekarar da nake faɗi an kai su arewa, inda ake tashin hankali. Shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "mai kaki". Ina ajin farko a lakwal, makarantar boko, abin da na sani game da aikinsa bai wuce takalminsa mai nauyi da biskit ɗin da yake zo mana da shi ba.

Wata rana, radiyon maƙwabcinmu ta ce an yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanya, wasu sun rasu. Ba a faɗi suna ba. An dai ambaci wurin, kuma can ne Baba yake. Inna, mahaifiyata, tana daka lokacin. Ta ajiye taɓarya ta shiga ɗaki. Kwanakin da suka biyo baya mata suna ta shigowa, su gaishe ta a hankali, su rasa abin da za su ce, su fita. Ba gaisuwar mutuwa ba ce, amma kama take da ita. Inna ba ta cin abinci, ba ta barci.

A cikin waɗannan kwanaki ne Kaka ta hura wutarta kamar kullum. Mun zaci ba za a yi tatsuniya ba. Sai ta ɗaga murya, fiye da yadda ta saba, ta ce, "Ga wata nan tahe, mai kunne shi matso." Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, can baya, lulluɓe da zane.

Tatsuniyar wani gari ce a gindin dutse, mai rijiya guda a fadama. Zaki ya zo ya tare hanyar rijiyar, mata suka kasa ɗebo ruwa, garake suka fara bushewa. Samarin garin suka ɗauki masu suka tafi. Sun kori zakin, amma ɗaya daga cikinsu, wani mai suna Dari, bai dawo ba. Aka yi masa kiɗa, maroƙa suka yi ta wasa shi, mai gari ya yi jawabi. Da aka kwana biyu kowa ya koma garkarsa. Matar Dari ta rage ita da ƴaƴanta da rumbun da ya yi ƙasa.

"Kaka, zakin fa?" in ji ƙanena Sani. "Ya dawo?"

"Zaki ya tahi abinai," in ji Kaka. "Ba shi muka bi ba. Matar muka bi."

Matar ta soya ƙuli-ƙuli ta kai kasuwa. Ta samu wani lungu bayan rumfuna ta zauna, kanta a sunkuye. Mutanen gari suna hango ta su sauya hanya, ba don ƙiyayya ba, sai don ba su san yadda za su dube ta ba. Ta dawo gida da kayanta yadda ta kai su. Sai wata tsohuwa mai daddawa ta zo ta ɗauke mata faifan, ta kai shi kusa da nata, a kan hanyar da ta bi ta rumfar mahauta.

A nan Kaka ta sauya murya ta zama ta tsohuwar, amma mu mun san tata ce, don haka take magana a kasuwa. "Ɗiyata, zamna inda mutane ka wucewa. Wanke faifanki, ki jera kaya su yi tudu. Ɗaga kanki. Kada ki saida da hawaye, wanda yas saya don tausai ba ya komowa. Ba shi ya ɗanɗana. In ya saya, ƙara mishi gyara, ko guda ɗaya ta. Ki riƙe sunanai, ki tambai ɗiyanai." Duk wanda ya tsaya sayen daddawa kuma, tsohuwar takan ce masa, "Wagga matar Dari ta, wanda yat tsaya muna bakin rijiya. Yi mishi addu'a, kana ka ɗanɗana ƙulinta." Da haka mutane suka samu bakin yi mata magana. Matar ta ciyar da ƴaƴanta har suka girma, sunan Dari kuma duk ranar kasuwa sai an ambace shi.

Mu yara ba ta yi mana daɗi ba. Babu waƙa, babu wanda aka cinye a idonmu. Sani ya ce a sake wata. Kaka ta ce ta gaji, a kwashe gabu a shiga ɗaki.

Ranar kasuwa ta gaba, da hantsi, babbar motar kamiyon da ke zuwa daga Bouza ta tsaya bakin gari. Ina wasa a ƙofar gida na hango wani dogo yana tafe da jaka biyu, hannunsa ɗaya rataye a wuya da farin ƙyalle. Takalmin na fara ganewa. Na ruga cikin gida ina ihu, har na take gabun da ke shanye. Inna ta fito, ta gan shi, ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka. Maƙwabta suka cika gidan. Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ka yi baƙi." Ta shiga ɗakinta. Muna jin ta tana ta alhamdu lillahi. A ranar na ga Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Jaka ta biyun ba tasa ba ce. Ta abokinsa ce, Kaporal Ilyasu, ɗan makiyaya daga wajen Karofane, wanda ya rasu a gefensa cikin mota guda. Washegari Baba ya tafi ya kai wa iyalinsa. Kaka ta ɗaura zanenta mai kyau ta bi shi, ko da yake ba ta taɓa ganin mutanen ba.

Bayan matar Ilyasu ta fita takaba, sai ga ta a kasuwar Tama. Sunanta Fati, siririya, Hausarta na gauraye da Tamajak, yaren Buzaye, goye da jariri. Ta zo da cuku a kan faifai. Kaka ta matsar da gabunta ta yi mata wuri. Ina zaune a bayansu na ji Kaka na ce wa wani mai sayen gabu, "Malam, wagga matar Kaporal Ilyasu ta, wanda yar rasu arewa. Yi mishi addu'a, kana ka ɗanɗana cukunta." Mutumin ya ɗaga hannu ya shafa, ya ɗanɗana, ya saya. Shekara da shekaru faifan Fati na kusa da na Kaka, kuma duk azumi Baba yakan yi wa Ilyasu sadakar fura.

Sai da na yi aure, Kaka ta riga mu gidan gaskiya, na taɓa ce wa Inna tatsuniyar matar Dari ita ce mafi rashin daɗi a cikin na Kaka. Inna ta ce, "Ba ku anka yi ma ita ba, ni ta. Kunya ba ta barin ta ta ce mini in ɗanta bai komo ba, ba ta yada ni. Sai tat tura tsohuwa mai daddawa ta gaya mini. Daren nan ni samu barci." Ashe Kaka, da nata ɗan a can ba ta san ko yana raye ba, surukarta take lallashi.

Yanzu albasa nake sayarwa a Madaoua. In na ji an ce sojoji sun rasu, nakan yi musu addu'a, sannan in tambaya wa suka bari, kuma me ta iya yi da hannunta. Bara aka nuna mini wata yarinya da mijinta bai dawo ba, ta iya awara. Na sa aka ajiye mata murhu a gefen rumfata. Makon farko da ƙyar take ɗaga kai. Ran nan kafin azahar kaskonta ya ƙare, wani direba ya zo ya rasa, yana ta mita. Ta dube ni tana dariya ta ce, "Inna, gobe sai in ninka waken."