Alayyahuna Ba Ya Cikin Huɗun

Ƙungiyar manoman rani ta yankinmu ta hana ni ruwa, sannan ta ɗora laifin a kan na'ura. Har yau ban yafe ba, kuma kada kowa ya zo mini da zancen haƙuri.

Fegina yana can ƙarshen magudana, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha. Gadon mahaifina ne. Da mijina ya rasu sai na daina ba da shi aro, na ɗaura ɗamara na shiga da kaina. Alayyahu nake shukawa, da ɗan latas a gefe. Shi ne cinmu ni da 'ya'yana mata biyu, shi ne sabulunmu.

A da, da baki ake rabon ruwa. Mai tsaron ƙofar ruwa ya san kowa, ya san abin da kowa ya shuka. Sai aka yi wata shekara ruwa ya ja baya, rigima ta yi yawa, ƙungiya ta kawo sabon tsari. Kowa zai tura saƙo ta waya da sunan abin da ya shuka, amsa ta dawo masa da ranakun da za a buɗe masa. Mai tsaron ƙofa kuwa ba zai buɗe wa kowa ba sai ya ga saƙon.

Har murna na yi. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, yara suna leƙe ta taga suna dariya, ga shi yau ba sai na roƙi ɗan kowa ya rubuta mini ba. Na zauna na rubuta alayyahu na tura. Amsa ta dawo wai ba a gane abin da aka shuka ba, a sake gwadawa. Na sake. Na kai wa malamarmu ta duba, ta ce rubutuna ba shi da aibu. Na tura latas, amsar ba ta canza ba.

Wanda ya haɗa wa ƙungiya abin ɗan baffana ne, yana aikin kwamfuta a Kano, yakan zo gida ran Juma'a. Na tare shi a zaure bayan an sauko daga masallaci.

"Yaya, ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Ka gaisa da alayyahuna, yana can yana mutuwa. Buɗe abin nan in gani."

Ya buɗe kwamfutar ya juyo mini da ita. Duk Turanci ne da alamomi, amma da ya ɗora yatsa a kan wani layi sai na ga kalmomin da na sani, a jere a tsakanin baka biyu: shinkafa, alkama, tumatir, albasa.

Ya ce, "Ga yadda take yi. Ta ɗauki kalmar da kika aiko, ta duba ko tana cikin waɗannan huɗun. In tana ciki, ta ba ki ranakunki. In ba ta ciki, ta ce ba ta gane ba. Iyakacin wayonta ke nan."

Har da alfahari yake faɗa mini wai da farko ɗaya bayan ɗaya ya rubuta su, ko wannan ce, ko waccan ce, daga baya ya tattara su wuri guda don ƙari ya yi sauƙi.

Na ce, "To ƙara."

"Ƙarawa ba wuya, Yaya. Amma kowace kalma da ranakun ruwanta, kuma ba ni nake yanke ranakun ba. Shugaba ne."

"Su huɗun wa ya ba ka?"

"A taro aka faɗa."

Na san taron. A ƙofar masallaci aka yi shi bayan la'asar, inda ba mace ko ɗaya. Kowane namiji ya faɗi abin da ke gonarsa, aka shafa fatiha aka tashi. Miyar da suka koma gida suka sha a ranar, da ganyen wa aka yi ta?

Ɗan baffana ya rage murya. "Ki rubuta albasa mana. Wa zai sani?"

"Mai tsaron ƙofa makaho ne? Kuma albasa takan jure a ɗaga mata kwanaki, alayyahu ba ya jurewa. Yau in ce albasa, gobe a tsaya a bainar jama'a a ce bazawarar nan ta yi ƙarya ta saci ruwa. Kai ka koma Kano, ni ina nan."

Ya rufe kwamfutarsa, ya ce in ga shugaba.

Shugaban na same shi a rumfar injinsa na casar shinkafa, yana shan shayi da mutanensa. Abokin marigayi mijina ne, ya ci tuwon hannuna ba sau ɗaya ba.

"A'a, malama 'yar boko. An zo koya mana karatu ne?"

"Alhaji, ruwa na zo nema."

"Ai yanzu ba hannunmu a ciki. Na'ura ce. In ta ce ba ta gane ba, ni wa ne?"

"Na ga cikinta da idona. Kalma huɗu ce, kuma daga bakinku suka fito. Ka ce a ƙara ta biyar."

Ya ajiye kofi. Ya ce in ya ƙara alayyahu yau, gobe mai kuɓewa zai zo, jibi mai yakuwa, ruwan kuwa bai ishi manyan gonaki ba balle kayan miya. In jira taro na gaba, bayan an girbe.

"Bayan an girbe me, Alhaji? Naku?"

Sai ya yi murmushin nan nasa, ya ce shi tausayina yake ji. Mace da shekaruna tana fama cikin taɓo. In ba shi fegin haya ya sa albasa, in zauna a ɗaki in huta. A nan na gane ba mantuwa ba ce kaɗai. Wataƙila da mantuwa aka fara, amma yanzu ya ga amfaninta. Na ce masa fegin ubana ba zai ga albasarsa ba ko bayan raina. Na fita ban yi sallama ba.

Da yamma muka yi ta jido ruwa da bokiti daga wani kududdufi, ni da 'ya'yana. Ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Ganyen ya kwanta, gefensa ya fara yin rawaya. A hanyar komawa na haɗu da mai tsaron ƙofa, ya kau da kai, ya ce shi ɗan aike ne. Na tambaye shi gobe ruwan wa ne. Ya ce na masu shinkafa, kuma daga gonar shugaba za a fara.

Da na idar da sallar asuba na naɗe tabarmata, na ɗauki buta da carbi, na riga mai tsaron isa ƙofar ruwa. Na shimfiɗa tabarmar a kan simintin, na jingina bayana da ƙarfen da ake murɗawa a buɗe, na miƙe ƙafafuna.