Hannun da Ya Dafa Kafaɗar Ladi

Masu zuwa ɗakin karatun da nake aiki, can wajen Malali, sukan tambaye ni littattafan da na fi so. Ni dai a ba ni tsofaffin littattafan tatsuniya da labaran aljanu, waɗanda bangonsu ya yi laushi, ba mai aronsu sai ni. Ina kuma da wani hali: ba na fara littafi sai na juya na ga shafin ƙarshe yana nan. In an yage shi, kome daɗinsa, wallahi ba zan karanta ba. Malam Sani abokin aikina cewa yake na cika tsirfa. Ya yi ta faɗa, bai san Kaka ba ne.

Kaka mahaifiyar Babanmu ce, gida ɗaya muke a Rigachikun. Bayan an ci tuwo, kafin garwashin murhu ya mutu, sai ta jawo 'yar kujerarta ta binne mana gyaɗa a toka, ni da ƙanwata Hajara mu tsuguna a gabanta. Dokarta ɗaya ce. In za ta fara takan ce, "Na buɗe ƙofa." In ta gama ta ce, "Na rufe, kowa ya koma inda ya fito." Tsakanin nan ba mai tashi, ko fitsari ne ya matse shi. Ta ce tatsuniyar da aka bari a buɗe, abin da ke cikinta fitowa yake ya bi wanda ya saurara. Mu kuwa ko shakka ba ma yi.

Rannan da damina ta ɗauko mana ta Ladi. Wuta ta mutu a gidansu, uwar ta aike ta ɗebowa. Duk gidan da ta shiga murhu a sanyaye, sai wata bukka a bakin kurmi da ke hayaƙi. Tsohuwar ciki ta ba ta baya, ta miƙo garwashi a kasko ba ta juyo ba, ta ce ta tafi, amma kome ta ji kada ta waiwaya. Ladi na tafe, taku na biye da ita. In ta tsaya, shi ma ya tsaya. Can sai aka kira sunanta, da muryar uwarta sak.

Kaka ta sassauta murya. "Saura ƙiris ta shiga zaure, sai ta ji hannu ya dafa kafaɗarta, sai..."

Sai bakin Kaka ya karkace, idonta ɗaya ya sauka, wani gurnani ya fito mata daga maƙogwaro. Da yake mun saba tana kwaikwayon dodo har da fuska, muka ƙanƙame juna muna ihu muna dariya, muna jira ta ci gaba. Sai da ta sulale daga kujera, hannunta ya faɗa cikin toka mai zafi ba ta janye ba, sannan Inna ta saki kwanon da take wankewa tana salati. Baba ya nemo mota aka yi asibiti da ita cikin Kaduna. Ba wanda ya tuna da ƙofa, sai mu biyu.

Hajara ce abin ya fi kamawa, don ita ƙarama ce. Ta daina cin abinci. Ba ta zama sai ta manna bayanta da bango. In Inna ta kira ta daga baya sai ta ƙwalla ƙara, tunda ai da muryar uwa aka kira Ladi. An yi lallashi, an yi faɗa, an yi tofi, yarinya sai ramewa take har wuyanta ya fito. Ni ma tsoron yana cina, ko banɗaki ba na zuwa sai da rakiya, amma ban yarda ta gani ba.

Da aka dawo da Kaka, ɓarin jikinta ya shanye, magana kuma ta tafi. Na ga in aka jira ta, Hajara za mu rasa. Wata yamma na ja ta ɗakin Kaka, na ce a gaban mai buɗewa za a rufe. Na ɗora ta a cinya, ta cusa fuska a ƙirjina. Sai na ce ai hannun uwar Ladi ne, ta biyo ta don ta ga hadari ya taso, suka shiga gida suka hura wuta suka tuƙa tuwo. Na ce, "Na rufe, kowa ya koma inda ya fito." Hajara ta sauke ajiyar zuciya, kafin wani lokaci ta yi barci a jikina.

Ina ɗaga kai na ga Kaka ta kafe ni da idonta mai lafiya. Leɓenta na motsi, ba sauti. Sannan da ƙyar ta girgiza kai, ta sake girgizawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Damina ba ta fita ba Allah ya yi mata rasuwa.

Na tambayi tsofaffin unguwarmu, ba wadda ta san tatsuniyar. Na girma na gane ciwo ne ya kama Kaka, ba wani abu ba, kuma wataƙila girgiza kan ma na ciwon ne. Na gane har ila yau cewa wani lokaci babba yakan rufe wa ƙarami ƙofa, shi ya tsaya a waje. Hajara yanzu tana aure a Katabu, tana ba 'ya'yanta tatsuniyar Ladi da ƙarshen nan nawa, tana ce musu haka Kaka ta faɗa. Nakan zauna in ji, in yi murmushi. Ban taɓa gaya mata abin da na gani ba, kuma ba zan gaya mata ba.